Kwalbar Giya da Ƙwayar Barci: Wacce Ta Fi Cutar da Tsoho?

Idan aka ambaci shaye-shaye a ƙasar nan, matashi ne ke faɗo wa kowa a rai: ɗan shekara ashirin a bakin lungu, idanu sun kaɗa, kwalbar sirof a aljihu. Ba a tuna dattijon da ya ajiye aiki, balle gyatumar da ke zaune a ɗaki da carbi a hannu. Ko babban binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018, wanda ya gano mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, masu shekara 15 zuwa 64 kaɗai ya ƙirga. Wanda ya haura nan ba ya cikin lissafi.

Ƙasashen da suka ƙirga tsofaffinsu kuwa, irin su Amurka da Birtaniya, sun ga abin da ya tayar wa likitoci hankali. A shekarun baya-bayan nan, yayin da matasa ke ja da baya daga giya, iyayensu da kakanninsu ƙara sha suke yi. A daidai wannan lokacin, magungunan da ke taɓa ƙwaƙwalwa, wato na barci, na kwantar da hankali, na ciwon damuwa da na taɓin hankali, sun yi yawa a hannun tsofaffi.

Mai karatu zai iya cewa ai waɗannan biyun ba su haɗa hanya ba, ɗaya haramun ce, ɗaya magani ce. Ta fuskar addini da niyya, gaskiya ne. Amma hanta da ƙwaƙwalwar tsoho ba su san niyya ba, abin da aka zuba musu kawai suka sani. Shi ya sa ya dace a ɗora su a sikeli guda, a ga inda suka yi kama, inda suka rabu, da kuma wacce ta fi kusa da ƙofar gidanmu.

Abin da alƙaluma suka nuna

Mu fara da giya. A 2017 mujallar likitoci ta JAMA Psychiatry ta buga wani binciken ƙasa baki ɗaya a Amurka da ya kwatanta shekarun 2001 da 2002 da kuma 2012 da 2013. Tsakanin lokutan biyu, shan giya mai haɗari a wurin masu shekara 65 zuwa sama ya ƙaru da kashi 65 cikin ɗari, waɗanda giya ta zame wa cuta kuwa sun ninka. Wani bincike na 2019 ya nuna fiye da tsoho ɗaya cikin goma a ƙasar yakan kwankwaɗi kofi huɗu ko biyar a zama guda. A 2020, shekarar kullen korona, giya kai tsaye ta kashe tsofaffi 11,616 a Amurka, ƙarin kashi 18 cikin ɗari a kan shekarar da ta gabata. A Birtaniya ma, tun 2011 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasar ta fitar da rahoto a kan tsofaffi masu shaye-shaye da ido ba ya gani, ta sabunta shi a 2018.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Waɗanda aka haifa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1946 da 1964, sun tashi a zamanin da giya ta yi araha kuma ta zama abin tarbar baƙo, sai suka tsufa da ɗabi'arsu. Suna da fansho, suna da lokaci, kuma sun fi iyayensu tsawon rai. Matan cikinsu ma suna sha fiye da yadda iyayensu mata suka sha. Akwai kuma rukuni na biyu, wanda masana ke ƙiyasta ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na tsofaffi masu matsalar giya: mutanen da ba su taɓa zama mashaya ba sai da girma ya kama su, bayan barin aiki ko rasuwar abokin zama.

Tarihin ƙwaya daban ne. Wani masanin haɗa magunguna mai suna Leo Sternbach, a kamfanin Roche, shi ya samar da Librium da ya shiga kasuwa a 1960, sannan Valium a 1963. An karɓe su hannu bibbiyu, domin magungunan barcin da suka gabace su suna kisa da zarar an ɗan zarce ƙa'ida. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1980, babu maganin da ya kai Valium kasuwa a Amurka. A 1978 kaɗai an sayar da ƙwaya fiye da biliyan 2. Daga baya aka gane jiki na sabawa da shi, barinsa kuma aiki ne. A 1988 hukumomin Birtaniya suka ce kada a ba da shi ko danginsa fiye da mako biyu zuwa huɗu.

Gargaɗin ya rage abin, bai kawar da shi ba. A 2008, kashi 8.7 cikin ɗari na Amurkawa masu shekara 65 zuwa 80 sun karɓi Valium ko danginsa, alhali a wurin masu shekara 18 zuwa 35 kashi 2.6 ne kawai. Kusan ɗaya cikin uku na tsofaffin sun daɗe suna sha, watanni ko shekaru, ga maganin da aka ce kada ya wuce wata guda. Tsakanin 2004 da 2013, yawan ganin likita da tsofaffi suka yi suna kan magungunan ƙwaƙwalwa uku ko fiye a lokaci guda ya tashi daga miliyan 1.5 zuwa fiye da miliyan 3.6 a shekara, kuma a karkara abin ya fi tsanani. A Ingila, masu shekara 65 zuwa sama da ke shan maganin ciwon damuwa sun tashi daga kusan kashi 4 cikin ɗari a farkon shekarun 1990 zuwa fiye da kashi 10 bayan shekara ashirin, alhali yawan masu ciwon bai ƙaru ba. Mafi muni shi ne abin da Farfesa Sube Banerjee ya rubuta wa gwamnatin Birtaniya a 2009: tsofaffi kusan 180,000 masu cutar mantuwa ana ba su magungunan taɓin hankali don su yi lamo, kaɗan ne ke amfana, kuma hakan na jawo ƙarin mutuwar mutum kusan 1,800 a shekara.

Ƙofa ɗaya suke shiga

Kamannin giya da ƙwayar barci ya wuce na alƙaluma. A ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai wani sinadari da masana ke kira GABA, aikinsa shi ne ya lafar da jijiyoyi idan sun yi zafi. Giya tana ƙarfafa aikinsa, Valium da danginsa irin su Lexotan da sababbin magungunan barci ma shi suke ƙarfafawa. Abin da ya sa sakamakonsu ya zo ɗaya ke nan: jiki ya saki, damuwa ta lafa, harshe ya yi nauyi, tafiya ta zama tangaɗi, mutum ya wayi gari bai tuna abin da ya faru jiya ba. Kusancin ya kai ga cewa idan mashayi ya daina giya, jikinsa ya ɗauki rawa, da Valium ko Librium likita ke saukar da shi a asibiti, domin ɗaya na iya tsayawa a madadin ɗaya.

Tsufa kuma yana ƙara wa kowaccensu kaifi, amma ta hanyoyi biyu masu kishiyantar juna. Yayin da mutum ke manyanta, tsoka da ruwan jikinsa na raguwa, kitse na ƙara samun wuri. Giya a ruwan jiki take narkewa. Kamar dai gishiri ne a tukunyar miya: cokalin da ya yi daidai lokacin da miyar ke cike, shi ne zai yi yawa bayan ta tsotse. Kofin da mutum ya saba sha yana ɗan arba'in bai ji komai ba, yana ɗan saba'in zai juya masa kai, ko da bai ƙara ko ɗigo ba.

Valium shi kuma kitse yake bi, ya maƙale a ciki, ya riƙa fitowa sannu a hankali. Tun 1975 masana suka auna cewa jikin ɗan shekara 20 na buƙatar kusan awa 20 kafin ya rage rabin maganin, na ɗan shekara 80 kuwa kusan awa 90. Wato tsohuwar da ke shan ƙwaya ɗaya kowane dare, ta yau tana tarar da ta jiya da ta shekaranjiya ba su gama fita ba. Bayan mako biyu, abin da ke yawo a jininta ya ninka abin da take tsammani sau da dama. Ga hanta ta rage sauri, ga ƙoda ta rage tacewa, ga ƙwaƙwalwar kanta ta fi ta matashi saurin jin magani.

Ƙarshen hanyoyin biyu sau da yawa wuri guda ne: faɗuwa. Matashi ya faɗi ya tashi ya kaɗe riga. Tsoho ya faɗi, ƙashin ƙugu ya karye, ya kwanta. Daga kwanciya sai gyambon baya, sai ciwon huhu, sai daskarewar jini. Ko a ƙasashen da ake yi wa mai karayar ƙugu tiyata cikin kwana ɗaya ko biyu, tsakanin ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku ba sa cika shekara a raye.

Wani kamannin kuma shi ne dukansu biyu suna fakewa a bayan tsufa. Mantuwa, rawar hannu, yawan gyangyaɗi, rashin cin abinci, sakin fitsari, faɗan babu dalili, duk alamomin giya ne, duk alamomin ƙwaya ne, kuma duk abubuwa ne da iyali ke kallo su ce, “Ai girma ne, gigin tsufa ne.” Da zarar an faɗi haka, bincike ya ƙare.

Inda suka rabu

Bambanci na farko shi ne amfani, kuma nan ne dole a yi wa ƙwaya adalci. Giya ba ta da wata cuta da take warkarwa. An daɗe ana yaɗa cewa kofi guda na jan ruwan inabi na gyara zuciya, amma da aka sake duba binciken sai aka ga cikin waɗanda aka ƙirga a matsayin marasa sha har da mutanen da rashin lafiya ce ta raba su da giya, shi ya sa masu ɗan kurɓa suka yi kamar sun fi su lafiya. Hukumar binciken kansa ta duniya ta sa giya a jerin abubuwan da tabbas ke jawo kansa tun 1988, kuma a Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadi na giya da za a ce ba shi da illa.

Magungunan ƙwaƙwalwa kuwa suna da aikinsu na gaske. Ciwon damuwa a tsufa cuta ce da ke hana ci, ta hana barci, ta kai mutum ga ƙin rayuwa, kuma magani na ceton rai. Allurar Valium tana tsayar da farfaɗiyar da ta ƙi lafawa. Wanda ya tsufa da taɓin hankali yana buƙatar maganinsa har ƙarshen rayuwa. Ba a sa waɗannan a kwando ɗaya da giya. Inda matsalar take shi ne ƙwayar barci da ake sha dare bayan dare. Mujallar likitocin Birtaniya ta BMJ ta tattara gwaje-gwaje a kan masu shekara 60 zuwa sama a 2005, ta gano cewa ƙwayar tana ƙara musu barcin kusan minti 25 ne kawai. Sai an ba mutum 13 kafin ɗaya ya ce barcinsa ya gyaru, amma cikin kowane 6 ɗaya zai gamu da illa. Wannan ciniki ne da asararsa ta fi ribarsa. Shi ya sa jerin magungunan da ya kamata tsofaffi su ƙaurace wa, wanda likita Mark Beers ya fara tsarawa a 1991, kuma ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ke sabuntawa har zuwa 2023, ya haɗa da Valium da danginsa, da sababbin magungunan barci, da amitiriftilin.

Bambanci na biyu shi ne hannun da ke miƙowa. Giya mutum ne ke ɗauko ta da kansa, ya san abin da ya ɗauko, iyalinsa sun sani, maƙwabta ma sun sani. Tana da wari, tana da kwalba, tana da kunya. Ƙwaya kuwa wani ne ke miƙo ta, mai farar riga, da takarda da sa hannu. Ba ta da wari. Mai shan ta bai ɗauki kansa mashayi ba, kuma da gaskiyarsa, domin umarni ya bi. Kunya tana sa mashayin giya ya ɓoye wa likita, rashin kunyar kuma yana sa mai shan ƙwaya bai ga abin faɗa ba. Na farko ya san yana cikin matsala ya yi shiru, na biyu bai ma san yana ciki ba.

Na uku, sun raba jinsi. Giya ta fi kama maza, duk da cewa mata na matsowa a ƙasashen Yamma. Ƙwayar barci da ta kwantar da hankali kuwa mata aka fi ba, kusan ninki biyu na maza a binciken Amurka na 2008. Mata sun fi tsawon rai, sun fi zaman takaba da kaɗaici, sun fi zuwa asibiti, kuma ƙashinsu ya fi saurin yin rauni bayan ɗaukewar al'ada. Wato waɗanda faɗuwa ta fi yi wa illa su ne aka fi ba abin da ke kayarwa.

Na huɗu, faɗin ɓarna. Giya tana cin hanta, tana tayar da hawan jini, tana rikita bugun zuciya, tana jawo shanyewar ɓarin jiki da kansar maƙogwaro da hanji da mama, tana gurɓata aikin maganin ciwon sukari da na tsinka jini. Bayan jiki, tana cin dukiya da mutunci da zaman lafiyar gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 2.6 ta kashe a 2019. Ɓarnar ƙwaya ba ta kai haka faɗi ba. A ƙwaƙwalwa da ƙafafu ta fi tsayawa, amma tana da sauri, domin faɗuwa ɗaya a makon farko na fara shan ta ta isa.

Idan kuma aka haɗa su a ciki ɗaya, haɗarin ba ƙari yake yi ba, ninkawa yake yi, har numfashi kan iya tsayawa cikin barci. Haɗuwar tasu tana da hanyar da ta saba bi. Giya tana kawo barci da wuri amma tana tsinka shi a tsakar dare. Tsoho ya je wa likita da kukan rashin barci, bai ambaci giya ba, likita bai tambaya ba, sai a rubuta masa ƙwaya. Ya dawo gida da abu biyu maimakon ɗaya.

A gidajenmu

A ƙasar Hausa addini da al'ada sun yi wa giya shinge, kuma tun bayan da Zamfara ta fara aiwatar da shari'ar Musulunci a 2000, wasu jihohin Arewa suka bi, shingen ya zama doka. Wannan kariya ce ta gaske, bai kamata a raina ta ba. Amma ba ta nufin babu mai sha. Akwai burukutu a ƙauyuka, akwai wuraren sha a Sabon Gari da gefen barikoki, akwai kuma jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a ƙananan kwalabe da leda da sunan maganin ciwon baya ko basir ko ƙarin kuzari, alhali barasa ce zalla aka jiƙa saiwa a ciki. Dattijon da ke sha a ɓoye ya fi takwaransa na Landan shiga haɗari ta fuska ɗaya: ko kusa ba zai faɗa wa likita ba, musamman idan ɗansa ne ya rako shi yana tsaye a kansa.

Ƙwaya kuwa ba ta da shinge. A doka, Valium da Lexotan ba a sayar da su sai da takardar likita, kuma ƙananan shagunan magani ba su da izinin ajiye su. A zahiri, kowa ya san yadda abin ke gudana. Jika ya je kemis da magariba ya ce, “Malam, a ba ni maganin barci, Hajiya ce kwana uku ba ta runtsa ba.” Ɗan kemis bai tambayi shekarunta ba, bai tambayi abin da take sha ba. Ya yanko ƙwaya goma a kati, ya ce ta sha ɗaya bayan isha'i. Daren farko ta yi barci, gida ya yi murna, aka sa wa yaro albarka. Da katin ya ƙare aka sake aike.

A buɗe ledar maganin irin wannan tsohuwa a gani. Ga na hawan jini iri biyu, ɗaya daga asibiti, ɗaya wanda 'yarta ta kawo daga wani gari. Ga Piriton na mura, shi ma yana sa barci. Ga tiramadol na ciwon gwiwa. Ga amitiriftilin da aka ba ta tun bara saboda zugin ƙafa, wanda ke busar da baki ya kawo jiri idan an miƙe. Ga kuma ƙwayar barcin. Huɗu daga ciki duk ƙwaƙwalwa suke taɓawa, kuma babu likita guda da ya taɓa ganin su tare. Da asuba ta tashi za ta yi alwala, duhu ne, bayan gida da santsi, ƙafa ta zame. Aka kira mai ɗori. Aka ce tsautsayi ne, kuma babu wanda ya waiwayi ledar.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne muna fama da yawa da rashi a lokaci guda. Binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a kan tsofaffi a yankin Yarbawa, wanda mujallar Lancet ta buga a 2007, ya gano kusan ɗaya cikin huɗu sun taɓa yin ciwon damuwa mai tsanani, kuma mafi yawansu ba su samu magani ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200. Asibitocinsu a Arewa, irin na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri da Dawanau a Kano, sun yi wa yawancin ƙauyuka nisa, ga tsoron a ce tsohon gidan wane ya taɓu. Sai ya zama tsohon da ke da ciwon damuwa na gaske ba ya samun maganin da ya dace da shi, ana ba shi ƙwayar barcin da za ta danne alamar ta bar cutar. Hankalin hukuma ma a kan matasa yake: a 2018 an haramta sirof mai kodin bayan rahoton BBC a kan yadda yake lalata samari da 'yan mata, amma ba a jin wanda ke maganar abin da ke ƙarƙashin matashin kan kaka.

Rabuwa da su

Ko wajen rabuwa, giya da ƙwaya sun yi kama: ba a yanke su rana ɗaya. Wanda jikinsa ya saba da ɗayansu, idan aka tsayar masa farat ɗaya, zai iya kamuwa da rawar jiki, gane-gane, ruɗewa, har da jijjiga mai kisa. Saboda haka ɗan da ya karanta wannan ya je ya kwashe ledar mahaifiyarsa ya zubar, cutar da ita ya yi. Mashayin giya yana buƙatar kulawar asibiti a kwanakin farko. Mai shan ƙwaya kuwa ana rage masa kaɗan-kaɗan, cikin makonni ko watanni, a ƙarƙashin idon likita.

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne tsofaffi suna jin magana. A Kanada, likita Cara Tannenbaum ta yi gwaji a birnin Montiriyal, aka buga a 2014. An aika wa tsofaffi masu shan ƙwayar barci ɗan littafi da ke bayyana illarta da yadda ake rage ta. Bayan wata shida, kashi 27 cikin ɗari sun daina, alhali a rukunin da ba a aika wa ba kashi 5 ne kawai. Ba a kwantar da kowa ba, gaskiya kawai aka faɗa musu. A ɓangaren giya ma, tsofaffin da suka shiga shirin dainawa ba sa kasa matasa, sau da yawa ma sukan fi su dagewa.

Sannan yana da kyau a tambayi me ya hana barcin tun farko. Barcin tsoho dama ba shi da nauyi, kuma yakan tashi da wuri. Wannan ba cuta ba ce. Goro da shayi bayan la'asar suna kore barci. Dogon barcin rana yana cinye na dare. Ciwon gwiwa, yawan fitsarin dare, sauro da zafi duk suna da maganinsu da ba ƙwayar barci ba. Tun 2016 ƙungiyar likitocin Amurka ta ce gyaran ɗabi'ar barci da tunanin da ke tattare da shi ne matakin farko, kafin a ɗauko kowace ƙwaya. A ƙarƙashin wannan duka akwai abin da ya haɗa dattijon Ingila mai kwalba da tsohuwar Kano mai ƙwaya: abokin zama ya rasu, sa'o'i sun ƙare, 'ya'ya sun watsu neman abinci, yini ya yi tsawo, dare ya fi shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, wacce ta fi?

Idan yawan ɓarna ake aunawa, giya ta rinjaya. Ta fi kisa, ta fi cin gaɓoɓi, ta fi rusa gida, kuma ba ta da uzurin magani. Al'ummar da ta nisanta tsofaffinta daga gare ta ta yi musu gata. Amma idan kusanci ake aunawa, da sauƙin shiga, da wuyar ganewa, ƙwaya ce a gaba, musamman a wurinmu. Mun ɗaure wa giya fuska, ƙwaya kuwa da hannunmu muke sayo ta, da kuɗinmu, cikin tausayi da neman albarka. Wanda ya tabbata kwalba ba za ta shiga gidansa ba, shi ya fi cancanta ya binciki abin da ya riga ya shiga.

Aikin ba mai tsada ba ne. A ganin likita na gaba, a tafi da ledar gaba ɗaya, har da na kemis da na gargajiya, a juye ta a kan tebur. A kan kowane magani a tambaya: na mene ne, har yaushe za a sha, kuma yana sa jiri ko barci? Likita shi ma ya keɓe da dattijo, ba a gaban 'ya'yansa ba, ya tambaye shi cikin ladabi ko yana shan wani abu. Ɗan kemis ya ji tsoron Allah ya daina yanko ƙwayar barci ga tsohon da bai gani ba. 'Ya'ya kuma, kafin su aika a sayo wa Baba ko Inna abin da zai sa su barci, su fara zama su ji abin da ya hana su barcin. Iyayenmu sun cancanci mu ba su wannan lokacin, domin ƙwaya ba za ta yi mana wannan aikin ba.